Ina Za Mu Kai Yarinyar Nan Karatun Likita?

'Yan uwa mazauna unguwar Hausawa a nan Duvu, da waɗanda wannan mujalla take riska a cikin garin Mubi da kewaye.

Kwanakin baya, bayan mun idar da sallar La'asar, wani maƙwabcinmu mai harkar shanu ya tsaya a bakin masallaci har jama'a suka watse. Da muka fito ya ce, "Liman, ina da magana." Muka koma ciki muka zauna a kan tabarma. Ya ce 'yarsa ta biyu ta ci jarrabawar JAMB da maki mai tsoka, kuma tun tana firamare ba ta da zance sai na zama likita. Muka yi masa barka. Ya ce, "Ai barkar ce ta zame mini ciwon kai. Sati biyu ke nan ba a cin tuwo da daɗi a gidana."

Ashe gidan ne ya rabu uku. Shi Alhaji so yake ya sayar da shanu ya tura ta ƙasar waje, domin wani dillalin makarantu ya nuna masa hotunan manyan gine-gine a waya, ya ce shekara shida cif za ta gama, babu yajin aiki. Hajiya, uwar yarinyar, ta ce ko da wasa. In dai karatun nan ya zama dole, to a kai ta Yola, inda in ta kwana da zazzaɓi uwa za ta iso kafin Azahar. Ita kuwa yarinyar, da aka matsa mata, ta sunkuyar da kai ta ce Maiduguri take so. Ga shi kuma lokacin da JAMB ta bayar na canja makaranta yana ta ƙurewa.

Mun nemi izininsa kafin mu kawo maganar nan, ba tare da ambaton suna ba, saboda abin da ya same shi bana zai sami wani baɗi. Yaranmu sun fara cin irin wannan jarrabawa, alhamdu lillahi, mu kuwa iyayensu yawancinmu allo da Islamiyya muka yi, sai kasuwa. Ba mu san kan jami'a ba. Amma mun san ciniki, mun san ɗan abin da ya sawwaƙa na addini, kuma da waɗannan biyun muka auna maganar.

Abin da muka fara tuna wa Alhaji shi ne matsayin wannan karatu a shari'a. Malamai sun sa likitanci cikin farillan kifaya, wato irin wajibin da yake kan jama'a gaba ɗaya, kamar wankan gawa da sallar jana'iza. In wasu suka yi, ya faɗi a kan saura. In aka rasa mai yi, kowa ya ɗauki laifi. Imam Gazali, a cikin Ihya'u, ya koka da mutanen zamaninsa da suka yi cincirindo a kan rassan fiƙihu alhali garuruwansu babu likita daga cikinsu. A ƙasarmu ma, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, da duk nauyin mulki da yaƙi da ke kansa, ya zauna ya yi rubuce-rubuce a kan magani, har da na basir da ciwon ido. Ke nan yarinyar da ta tashi za ta yi wannan karatu wani nauyi take shirin saukewa daga wuyan duk mai karanta wannan shafi.

Mun san nauyin kuwa. Babu wanda ya manta amai da gudawar da ta ɓarke a Mubi a 2018. Babu gidan da bai taɓa neman mota da tsakar dare don mai naƙuda ba, kuma wasu daga cikin waɗanda aka fita da su a kwance aka dawo da su. Mun sha yi wa mace salla, daga baya mu ji matan gidan suna cewa ai ta daɗe da ciwon, kunyar buɗe jikinta gaban namiji ce ta hana ta faɗa. Muna so mace ta duba matanmu, kowa yana faɗin haka a majalisa. To wannan likita macen daga sama za ta faɗo? 'Yar wani ce dole ta bar gaban uwarta shekara shida.

In an yarda da wannan, tambayar ta sauya. Mun daina tambayar wace makaranta ce za a faɗi sunanta a wurin ɗaurin aure a ce ma sha Allah. Abin tambaya shi ne wace makaranta ce za ta karɓi yarinyar nan ta mayar da ita likitar da ta iya aiki, da takardar da hukuma ta yarda da ita, ba tare da gidan ubanta ya durƙushe a hanya ba.

Mu fara da ra'ayin Alhaji, don yana da hujja kuma ba mu raina ta ba. Malaman jami'a sun yi yajin aiki na kusan wata tara a 2020, suka sake yin na wata takwas a 2022, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Uban da ya ga ɗan maƙwabci ya dawo gida ya zauna har ya fara manta abin da ya karanta, in ya ji tsoro bai yi laifi ba. Ga 'ya mace kuma shekara ɗaya ba ƙaramin abu ba ce. Fita waje neman ilimi ma ba aibu ba ne. Dakta Barau Dikko, wanda aka sani da likita na farko daga Arewa, a Ingila ya yi karatu, yau ga asibitin koyarwa da sunansa a Kaduna.

Amma muka ce masa, "Alhaji, ka taɓa sayen sa a hoto?" Ya yi dariya ya ce ko mahaukaci ba ya haka, sai ya zagaya shi, ya duba haƙori, ya taɓa tozo, ya ga tafiyarsa. Muka ce to dillalin makaranta ma la'adarsa yake nema, kuma da zarar yarinya ta hau jirgi ya gama cinikinsa. A farkon 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance takardun digiri daga Benin da Togo, bayan wani ɗan jarida ya nuna yadda ya samo digiri a Kwatano cikin 'yan makonni. Waɗanda suka yi karatun gaskiya a can ma abin ya shafe su. Kuma duk wanda ya karanta likitanci a waje, ko a ina ne, in ya dawo ba zai taɓa majinyaci ba sai ya ci jarrabawar majalisar likitoci ta ƙasa, wadda ake kira MDCN. Akwai waɗanda suke ci tashin farko, akwai waɗanda suke maimaitawa har su gaji. Dillali ba ya kawo wannan zancen.

Sai maganar kuɗi, wadda ita ce fagenmu. Kuɗin makarantar waje da dala ake biya, mu kuwa da naira muke sayar da shanu da gyaɗa. Kafin watan Yunin 2023 dala ɗaya a farashin gwamnati wajen naira 460 take. Kafin Fabrairun 2024 ya ƙare ta haura 1,500. Wanda ya yi lissafin shanu goma a shekara, ya wayi gari talatin ake nema. Ɗan kasuwa ya san ba a shiga cinikin shekara shida da jarin shekara biyu. Yaron da aka dawo da shi daga aji uku saboda kuɗi sun ƙare bai zama rabin likita ba. Ya dawo da baƙin ciki ne kawai, garken kuma ya tafi. Alhaji yana da wasu 'ya'ya bakwai, kuma adalci tsakanin 'ya'ya wajibi ne. In an zuba dukiyar gida duka a kan mutum ɗaya, me za a ce wa ƙannenta ranar da nasu lokacin ya zo?

Batun cewa waje ya fi kwanciyar hankali kuma, Allah ne mai tsarewa. Iyaye da yawa a Arewa sun zaɓi Sudan saboda addini da kusanci da sauƙin kuɗi, kuma zaɓi ne na hankali a lokacin. Ranar 15 ga Afrilun 2023 yaƙi ya ɓarke a Khartum, aka kwaso ɗalibanmu a motoci ta hamada zuwa iyakar Masar, wasunsu suna ajin ƙarshe. Kafin nan, a Fabrairun 2022, haka ta faru da waɗanda ke Yukren, kuma MDCN ta ce ba za ta karɓi karatun likitancin da aka ƙarasa ta intanet ba. Mu mutanen Mubi ba sai an ba mu labarin gudu ba. A ƙarshen Oktoban 2014 mun bar gidajenmu a buɗe, wasu suka hau duwatsu, wasu suka tsallaka Kamaru da ƙafa. Amma mun gudu ne a ƙasar da muke jin harshenta, muka sami 'yan uwa a Yola da Gombe da Kano. Ka ƙiyasta yarinya 'yar shekara goma sha takwas tana wannan gudu ita kaɗai, a inda ba ta san kowa ba.

Da muka zo nan Alhaji ya yi shiru, can ya ce, "Liman, gaskiya akwai wani abu kuma. Abokin cinikina ya kai ɗansa waje. Kullum a kara sai ya yi zancen." Muka ce madalla da ka faɗa da bakinka. Hadisin farko da ake koya wa yara a Arba'una Hadisi a kan niyya yake. Aikin da ya kamata ya zama sauke farilla, in gasa ta shige shi, ladan ya zube tun kafin a biya kuɗin rajista. Wannan cuta kuwa ba shi kaɗai take damu ba. Dukkanmu muna son a ce ɗan wane yana ƙasa kaza. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Sai ra'ayin Hajiya. Tsoron uwa ba abin wasa ba ne, kuma addini ya ba ta haƙƙin da ya fi na uba. Abin da take nema ma yanzu akwai shi, wanda da babu. A 2021 aka sauya dokar Jami'ar Modibbo Adama daga ta fasaha zalla zuwa cikakkiyar jami'a, daga baya kuma aka mayar da Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Yola asibitin koyarwarta. Shekara da shekaru duk ɗan Adamawa mai son likitanci sai ya bar jihar. Yau ana iya yi a gida. Daga Mubi ka bi ta Hong, Gombi, Song, Girei, ka isa ka kuma juyo a yini ɗaya. Ga 'yan uwa a Jimeta da za su riƙa leƙa ta. Wannan ni'ima ce, kuma makarantar jiharmu ba za ta girma ba in duk yaranmu masu ƙoƙari suka tsallake ta.

Abin da muka roƙi Alhaji ya isar wa Hajiya shi ne, kusanci dalili ne mai kyau, amma kada ya zama shi kaɗai. Ko wace makaranta ce, tsohuwa ko sabuwa, ta gwamnati ko ta kuɗi, akwai abin da ake tambaya kafin a sa hannu. MDCN ta amince da ita, kuma amincewar ta kai wane mataki? Ɗalibai nawa aka yarje mata ta ɗauka a shekara, nawa kuma ta ɗauka? Domin majalisar tana yanka wa kowace makaranta adadi, kuma in aka ɗiba fiye da ƙima yara ne suke shan wahalar a ƙarshe. Wannan jeri yana sauyawa, saboda haka a sa wani mai ilimin abin ya duba na shekarar da ake ciki. Sannan a nemi ɗalibin da ke aji huɗu ko biyar a can, a zaunar da shi a tambaye shi: manyan likitoci suna zuwa koyarwa? Ku nawa kuke taruwa a kan gado ɗaya? Zuwa da kai ya fi aike. Kuɗin motar da za a kashe a wannan bincike bai kai kuɗin akuya ba.

Akwai kuma wani abu da iyaye mata ba sa son ji. Karatun likita ba ya barin mutum ya riƙa zuwa gida kowane biki da suna. Shekarar farko kimiyya ce, sai wajen shekara biyu na sanin ƙirar jikin ɗan Adam da yadda yake aiki, da jarrabawa mai tsanani wadda take mayar da mutane da yawa baya, sannan sauran shekarun a cikin asibiti, dare da rana. Bayan shekara shidan akwai shekara guda ta sanin makamar aiki, akwai ta bautar ƙasa. Yarinyar da take kusa, in ba a yi hattara ba, kusancin ne zai cuce ta: yau goggo ta haihu a zo, gobe kawu ya dawo daga Umara a zo. In an zaɓi Yola, sai an ɗaure zuciya an ɗauka tana nesa.

Saura ra'ayin mai karatun. Muka tambayi Alhaji, "Ka tambaye ta dalilinta?" Ya ce a'a, yarinya ce, me ta sani? Muka ce shari'ar da ta ce a nemi izinin budurwa kafin a aurar da ita, ba za ta so a ɗaura mata zaman shekara shida a inda ba a ji ta bakinta ba. Gaskiya ne abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Amma a wannan fage ita ta zauna a aji, mu ba mu zauna ba. Washegari ya zo da ita zauren gidanmu, ta durƙusa daga bakin ƙofa ta gaishe mu.

Ta ce, "Baba Liman, na tambayi malamarmu ta makaranta, na kuma tambayi wata likita da ta duba Hajiya bara. Sun ce littafi iri ɗaya ne a ko'ina, a wurin majinyata ake bambanta. Ina so in koya a inda zan ga irin ciwon mutanenmu da yawa." Iyakar maganarta ke nan, kuma ta fi duk abin da mu manya muka yi sati biyu muna faɗa nauyi.

Ku duba fa. Zazzaɓin Lassa da duniya ta sani, sunan garin Lassa ne na nan kusa da mu ta wajen Uba, inda aka fara gano shi a 1969. Sanƙarau da zafin bazara, zazzaɓin cizon sauro da damina, saran maciji a gona wanda har asibiti na musamman aka yi masa a Kaltungo, tamowa, sikila, jijjigar masu ciki, yoyon fitsari: waɗannan su ne abokan zamanmu. Wanda ya koyi aiki a ƙasar sanyi zai iya gamawa bai ga wasunsu da idonsa ba sai a hoto. Kuma majinyacinmu ba ya bayani da Turanci. Tsohuwa za ta ce da Fulatanci ko Guɗe ko Hausa wani abu yana yi mata yawo a ciki, sai likita ya san abin da take nufi. Jami'ar Maiduguri tun 1975 take, asibitin koyarwarta Shugaba Shehu Shagari ya buɗe shi a 1983, kuma har daga Chadi da Nijar da Kamaru ake kawo marasa lafiya. Haka Zariya, wadda ta fara koyar da likitanci tun 1967, haka Kano da asibitin Malam Aminu Kano, haka Sakkwato. Da tsohuwar zuma ake magani.

Ba mu ɓoye mata haɗarin ba. Hanyar da ta bi ta Michika, Madagali, Gwoza da Bama kowa ya san tarihinta, shi ya sa da yawa suke zagayawa ta Gombi da Biu da Damaturu ko da ta fi nisa. A Janairun 2017 an kai hari masallaci a cikin jami'ar. A Satumbar 2024 ambaliyar madatsar Alau ta shiga har asibitin koyarwar. Duk da haka ana karatu, ana yaye likitoci. Babu zaɓin da ba shi da nasa tsoron. Mutum yana auna wanda zai iya ɗauka ne, ya ɗaure raƙuminsa, sannan ya yi tawakkali.

A nan ne wani dattijo da ke zaune tare da mu ya kawo maganar da ta fi ba mu wahala. Ya ce, "Duk wannan lissafi na banza ne in ta gama ta tafi Saudiyya ko Ingila kamar saura. A sa ta yi rantsuwa za ta dawo Mubi." Da farko maganar ta yi mana daɗi. In farillar kifaya ce, ai jama'a suna da haƙƙi a kanta. Amma da muka kwana da ita sai muka ga ba za mu iya ba, kuma dalilin yana cikin tarihinmu.

Mu su wane ne a Duvu? Kakanninmu da iyayenmu daga ƙasar Kano da Katsina da Zazzau da Haɗeja suka taso, da jaki da ƙunshin kaya, suna bin kasuwa. Sun bar garuruwan da suka haife su, waɗanda su ma suna da buƙatarsu, suka zauna a ƙasar Guɗe da Fali, aka ba su wurin gini da gona, suka hayayyafa. Ba su koma ba. In barin gida don neman abin da ya fi laifi ne, to a kan laifin aka gina unguwar nan. Da wane baki za mu ɗaure yarinya da rantsuwar da ba a ɗaura wa kakanta ba? Kuma majinyaci a Jidda ma ɗan Adam ne, mai yi masa magani yana da lada.

Sannan makaranta ba ita take dawo da mutum ba. Marigayi Farfesa Jibril Aminu, ɗan Song, a Ibadan ya gama likitanci a 1965, ya ƙaro ilimi a Landan, ya dawo ya shugabanci Jami'ar Maiduguri daga 1980 zuwa 1985. Ga kuma waɗanda suka yi karatu a bakin ƙofar gidansu, yau ko a Sallah ba a ganinsu. Abin da yake dawo da mutum tarbiyya ce, da kuma abin da ya tarar in ya dawo.

Duk da haka ba mu ce babu bashi ba. Wanda ya yi karatu a jami'ar gwamnati, yawancin kuɗin horar da shi daga dukiyar jama'a ya fito. Ya koyi aiki ne a jikin talakawan da suka kwanta suka bari ɗalibi ya taɓa su. Wannan bashi ne ko ba a rubuta ba, kuma a ganinmu mafi ƙarancin biyansa shi ne mutum ya ba wa mutanensa wasu shekaru na ƙuruciyar aikinsa kafin ya duba wani wuri. Mu da muke zaune a ƙasar da ta karɓi iyayenmu, bashinmu biyu ne. 'Yar Hausawan Duvu in ta tsaya a asibitin Mubi tana duba Baguɗiya da Bafulatana da Bamargiya, Musulma da Kirista, ba ta tambayi kowa daga ina yake ba, ta biya wa kakanninta wani abu na karamcin da aka yi musu. Wannan nasiha ce muke yi mata. Ba mu mayar da ita igiya ba.

Tun da an taɓo zamanmu a nan, akwai abin da ya wajaba mu faɗa. A jami'o'in tarayya ana raba gurabe ne kashi 45 bisa cancanta, kashi 35 ga jihohin da ke yankin jami'ar, kashi 20 ga jihohin da aka bari a baya a karatun boko. Tallafin karatu na jiha kuma yana bin takardar shaidar asali. Wannan takarda ta sha ba 'ya'yan unguwanni irin tamu wahala: a nan a ce kakanka baƙo ne, a can garin kakan a ce ba a san ka ba. Wanda aka haife shi a nan, aka haifi ubansa a nan, ya nemi haƙƙinsa ta hannun mai unguwa da jauro da hakimi, a fili, mu kuma mu tsaya masa. Amma kada wahalar ta sa mu sayi takardar garin da ba mu taɓa gani ba, ko mu rage wa yaro shekaru, ko mu biya a rubuta masa jarrabawa. Wanda za a damƙa wa rayukan mutane, kada tubalin farko na gininsa ya zama ƙarya.

Ƙarshen zaman, muka ce su uku su je su yi istihara, kowa da kansa, bayan sun gama shawara, don istihara ba ta maye gurbin bincike. Alhaji ya tura ƙaninsa Yola da Maiduguri ya gano da idonsa, ya zauna da ɗalibai. Bayan kwana biyar suka sa Maiduguri a zaɓin farko. Hajiya ta yarda da sharaɗin yarinyar za ta zauna a ɗakin kwanan ɗalibai mata, kuma wata 'yar uwarsu da ke aure a can za ta zama uwarta. Shanun da za a sayar, Alhaji ya ware wasu ya ce na karatun ne, za a riƙa taɓa su ɗaya bayan ɗaya. Har yanzu sunaye ba su fito ba. Mai yiwuwa ta samu, mai yiwuwa a ba ta wani fannin, domin masu nema sun ninka gurabe nesa ba kusa ba. Mun gaya mata in haka ta faru, ungozoma da ma'aikaciyar jinya da mai haɗa magunguna duk cikin farillar nan suke.

Kada wani ya karanta wannan ya ce Liman ya yi fatawa a kai kowa Maiduguri. Wani gidan Yola ce daidai da shi, wani Zariya, wani kuma Allah ya hore masa abin da zai kai ɗansa Masar ya biya har ƙarshe bai girgiza ba, kuma ya bincika makarantar da kyau. Daidai ruwa daidai tsaki.

Da za su tafi, dattijon nan bai haƙura ba, ya ce mata, "To 'yata, za ki dawo mana?" Ta ce, "Baba, ina da niyya. Amma ba zan yi alkawarin abin da yake shekara takwas a gaba ba, kada in zama mai saɓawa. Ku yi mini addu'a." Dattijon ya ɓata rai. Mu kuwa amsar ta kwanta mana, don wanda yake tsoron saɓa alkawari tun yanzu, shi ake sa ran zai ji tsoron Allah a kan majinyaci.

Saura namu. In muna so ta dawo, kada mu fara zugar a cire ta a aji uku don wani mai kuɗi ya fito. Wanda yake sonta ya yarda da karatun a rubuce gaban waliyyai, ko ya jira. Kada mu bi ta da tsegumi don an gan ta tana aikin dare tare da maza a asibiti. In ta dawo, kada mu mayar da gidanta asibitin kyauta da ba a rufewa, mu hana ta barci, sannan mu ce tana da girman kai ranar da ta ce a je a yanki kati. Kuma akwai yara a unguwar nan masu ƙwaƙwalwa irin tata waɗanda iyayensu ba su da ko tunkiya. Mun kawo shawara a kwamitin masallaci a buɗe asusu, kowane ɗan kasuwa ya riƙa sa abin da ya sawwaƙa duk ranar kasuwa, don kuɗin rajista da na littattafai. Za a tattauna bayan sallar Juma'a mai zuwa, kuma muna roƙon kowa ya tsaya.

Allah ya ba yaranmu ilimi mai amfani, ya tsare su a inda suke, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren namu ne.